An ce an sake shi, to yana ina? Bin sawun wanda ya fita daga gidan waƙafin gunduma a Amurka

Labarin yakan iso gida ne a guntule. Wani ya kira daga unguwar Bronx ta New York ko daga Houston ya ce 'yan sanda sun tafi da wane tun shekaranjiya, wayarsa kuma a kashe take. Kafin uwa ta gama salati, wani saƙon ya shigo cewa ai an sake shi. To an sake shi, yana ina? Me ya sa har yanzu wayar ba ta shiga? Daga nan sai dangi su rabu biyu, masu cewa a yi haƙuri gajiya ce ta kwantar da shi, da masu cewa akwai abin da ake ɓoye wa gida. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, a Amurka shigar mutum gidan waƙafi da fitarsa duk a rubuce suke, kuma a mafi yawan jihohi kowa yana da damar ya nemi a nuna masa. Wahalar tana wajen sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa, sannan da iya karanta abin da aka miƙo.

Tuntuɓen farko daga tunanin da muka taso da shi yake zuwa. A Najeriya mun saba da hukuma guda mai kula da gidajen yari, hedikwatarta na Abuja, gandiroban Kurmawa a Kano da na Kirikiri a Legas kaki ɗaya suke sawa. Sai mutum ya ɗauka Amurka ma akwai wani babban littafi a Washington da za a buɗe a ga sunan duk wanda aka tsare. Babu wannan littafin. Tsare mutane a can hawa uku ne. Gwamnatin tarayya tana da nata gidajen yarin. Kowace jiha tana da nata, inda ake kai waɗanda aka yanke wa hukunci mai tsawo, galibi sama da shekara guda. Sai hawa na ƙasa, wanda suke kira jail, wato gidan waƙafi na gunduma, inda ake fara ajiye wanda aka kama, da mai jiran shari'a, da wanda hukuncinsa bai wuce shekara ba. Gundumomin ƙasar sun haura 3,100, kuma a mafi yawansu mai riƙe da makullin gidan waƙafi shi ne sherif, jami'in tsaro da mutanen gunduma ke zaɓa da ƙuri'a. Kowane sherif da yadda yake ajiye rajistarsa, da abin da yake sawa a intanet, da tsawon kwanakin da yake barinsa a can.

Akwai wuraren da suka fita daga wannan tsari, kuma wasunsu sun shafi mutanenmu kai tsaye. A birnin New York ba sherif ne ke riƙe da gidajen waƙafi ba, hukumar gidajen yarin birnin ce, kuma yawancin waɗanda aka tsare suna tsibirin Rikers. Jihohi shida, wato Alaska, Connecticut, Delaware, Hawaii, Rhode Island da Vermont, sun haɗe waƙafi da gidan yari a hannun gwamnatin jiha, don haka a can wurin jiha za a nema. A Louisiana ba a ma cewa gunduma, parish suke cewa. Amma Chicago tana ƙarƙashin gundumar Cook, Houston tana ƙarƙashin Harris, Greensboro inda 'yan Nijar suke da yawa tana ƙarƙashin Guilford, kuma duk ukun ofishin sherif ne ke da rajista. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa mai kawo labari ita ce a wane gari aka kama shi, domin daga sunan garin ake gano gundumar. Gundumar da aka kama mutum ita ce ke da takardarsa, ko da gidansa yana wata gundumar daban.

Yawan masu shiga da fita kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da suna ke ɓacewa da sauri. Ƙididdigar ma'aikatar shari'ar Amurka ta nuna cewa a tsakiyar 2023 mutum kimanin 664,000 ne ke cikin gidajen waƙafi, kashi 70 cikin 100 nasu ba a yanke musu hukunci ba. A cikin shekara guda an rubuta shigar mutane sau miliyan 7.6, kuma matsakaicin zama kwana 32 ne. Da yawa ma ba sa kwana uku. Wuri ne mai kama da tashar mota, wannan na sauka wancan na hawa, kuma jerin sunayen da sherif ke sawa a shafinsa hoton tashar ne na wannan sa'ar kawai. Wasu gundumomi suna da jeri na biyu na waɗanda suka fita cikin kwana ɗaya ko biyu ko 'yan makonni. Wasu kuwa da mutum ya ƙetare ƙofa sunansa ke sauka. Ƙananan gundumomi na karkara akwai waɗanda ba su da jerin a intanet sam, sai dai a buga waya.

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya da ni, domin nan ne zuciyar maganar. Idan rajistar gidan waƙafi ta ce an saki mutum, abin da take nufi kawai shi ne ya bar hannun wannan gida. Ba ta ce ya koma ɗakinsa ba, ba ta ce an wanke shi ba.

Yana iya zama ya fita ne da beli. Ko dai an ajiye kuɗin gaba ɗaya a kotu, ko kuma an bi ta hannun ɗan kasuwar beli, wanda yakan karɓi kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin, ba kuma ya mayarwa ko da an wanke mutum daga baya. Yana iya zama alƙali ya sake shi a kan alƙawarin bakinsa cewa zai dawo ranar zama. A Illinois ma tun 18 ga Satumba 2023 aka daina belin kuɗi gaba ɗaya, sai dai alƙali ya saki mutum da sharuɗɗa ko ya ba da umarnin a ci gaba da tsare shi. Duk waɗannan sun fita, amma shari'arsu tana nan da ranta, kuma wanda ya ƙi zuwa zama za a fitar da takardar kamo shi. Wani kuma mai gabatar da ƙara ne ya duba ya ga babu abin kamawa ya janye. Wani ya amsa ƙaramin laifi, alƙali ya ce kwanakin da ya riga ya yi a ciki sun isa hukunci. Wannan na ƙarshen ya fita rana ɗaya da wanda aka wanke, amma shi yana ɗauke da hukunci a takardarsa, kuma ga wanda ba ɗan ƙasa ba wannan bambanci yana iya zama bambancin zama da kora.

Sai kuma fitar da ba fita ba ce. An yanke wa mutum shekaru, motar gidan yarin jiha ta zo ta ɗauke shi, sai sunansa ya sauka daga jerin gunduma, ya bayyana a na jiha bayan wasu kwanaki. Ko wata gunduma ce take nemansa a kan tsohuwar magana, ko da tarar mota ce da ya ƙi zuwa kotu a kanta, sai a miƙa shi can. Ko jami'an tarayya suka karɓe shi. Hukumar gidajen yarin tarayya tana da shafin neman suna wanda ya ƙunshi fursunoninta tun daga 1982, amma mai jiran shari'ar tarayya sau da yawa ba ya fitowa a ciki, saboda ana ajiye irinsu a gidajen waƙafin gundumomi da gwamnatin tarayya ke hayar gadajensu.

Wadda ta fi ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya ita ce ta hukumar shige da fice, wadda ake kira ICE. Duk wanda aka shigar gidan waƙafi ana ɗaukar zanen yatsunsa a tura wa hukumar binciken laifuka ta tarayya, wato FBI, daga can kuma a gwada da kundin ma'aikatar tsaron cikin gida. Idan ICE ta ga tana da magana da mutumin, sai ta aika wa gidan waƙafin takardar roƙon a riƙe mata shi har zuwa awa 48 bayan lokacin da ya kamata a sake shi. Wasu jihohi da birane sun taƙaita amsa wannan roƙo, wasu kuwa kamar Texas da Florida doka ta tilasta wa sherif ya amsa. To ka ga abin da ke faruwa: dangi sun yi karo-karo sun biya beli, rajista ta nuna an sake shi, abokai suna jira a bakin ƙofa, shi kuwa an fitar da shi ta wata ƙofar a cikin mota. Tsugune ba ta ƙare ba. Shi ya sa lauyoyi sukan ce a fara tambaya ko akwai takardar ICE a kan mutum kafin a biya ko sisi. Idan hakan ta riga ta faru, ICE tana da nata shafin neman wanda ke hannunta. Ana nema da lambar baƙo, wadda suke kira A-Number, tana jikin takardun zama ko takardar izinin aiki, tare da ƙasar haihuwa. Ana iya nema da suna ma, amma sai sunan ya yi daidai harafi da harafi da yadda suka rubuta. Ba a sa yara 'yan ƙasa da shekara 18 a ciki, kuma sunan babba ma yakan ɗauki lokaci kafin ya fito, musamman idan ana cikin ɗauke shi daga wannan jiha zuwa waccan. Duk wanda yake da ɗa ko ƙane a can, ina ba shi shawarar ya nemi wannan lamba tun lafiya lau, ya rubuta ya ajiye.

Maganar harafi da harafi ta kawo mu ga wata matsala da Ba'amurke haifaffen can bai cika sanin zafinta ba. Sunayenmu ba su da rubutu guda. Wanda gida ke kira Abubakar, fasfonsa na Nijar yana iya cewa Aboubacar ko Boubacar. Usman yana iya zama Ousmane, Muhammadu ya zama Mohammed ko Mahamadou ko Mamane. Jami'in da ke rubuta sunan da ƙarfe uku na dare yana iya ɗaukar sunan uba ya mai da shi sunan yanka, ko ya haɗe sunaye biyu ya yar da na uku. Ga kuma ranar haihuwa: da yawa daga cikinmu abin da ke fasfo daban, abin da uwa ta sani daban, kuma Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 03/07 a wurinsu 7 ga Maris ne. Mutum zai iya kwana yana neman ɗan'uwansa a shafin da ya dace bai gan shi ba, alhali sunan yana nan a wani rubutun. Dabarar ita ce a nema da harufan farko kawai idan shafin ya yarda, a juya sunayen gaba da baya, a yi amfani da abin da ke jikin lasisin tuƙi ko fasfo. Da zarar an same shi, a rubuta lambar shigarwa da aka ba shi da lambar shari'arsa, domin lamba ba ta da rubutu biyu. Akwai kuma ɗaya gefen haɗarin, wanda ya fi muni: masu suna Ibrahim Musa ko Mohammed Ali a babban birni ba su ƙirguwa. Ganin suna kaɗai ba hujja ba ce cewa naka ne.

Akwai wata hanya da ta haɗa gundumomi da yawa wuri ɗaya, sunanta VINE, kuma asalinta labari ne mai taɓa zuciya. A watan Disamba 1993, a birnin Louisville na jihar Kentucky, wata budurwa mai suna Mary Byron ta tashi daga aiki ranar da ta cika shekara 21, tsohon saurayinta ya harbe ta har lahira. An riga an kama shi a kan cin zarafinta, ita da iyayenta suna zaton yana tsare, ashe an biya belinsa ba wanda ya sanar da su. Shekara guda bayan haka gundumar Jefferson, inda Louisville take, ta ƙaddamar da tsarin da ke buga wa mutum waya da kansa idan wanda ake tsare da shi ya fita ko aka sauya masa wuri. Yau tsarin ya bazu zuwa mafi yawan jihohi, kyauta ne, kuma ba sai wanda aka zalunta kaɗai ke iya yin rajista ba. Na kawo labarin ne don a gane cewa buɗe wannan bayani ba don tsegumi aka yi ba. Matar da ta kai ƙarar mijin da ke dukanta tana buƙatar ta san sa'ar da zai fito, kuma a cikin mutanenmu na can akwai irin waɗannan mata, waɗanda kunya da rashin harshe ke hana su tambaya. Sai dai VINE yanayin yanzu yake nunawa, ba ma'ajiyar tarihi ba ce, kuma ba kowace gunduma ce ta shiga ba.

Idan an kwana biyu, jeri ya goge sunan, sai a koma ga takarda. Mutane da yawa suna rubutawa suna ambaton dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya, wadda aka fi sani da FOIA, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1966. Wannan doka hukumomin tarayya kaɗai ta hau, ba ta hau kan sherif ba. Kowace jiha tana da tata dokar, da nata wa'adin. A New York da Illinois hukuma tana da kwanakin aiki biyar ta ba da amsar farko. A California kwana 10 ne ta faɗi ko za ta bayar, kuma dokar can ta lissafa abin da ya wajaba a bayyana game da wanda aka kama, har da kuɗin beli, da lokacin sakinsa da yadda aka sake shi, ko kuma wurin da ake tsare da shi. A Texas, hukumar da ke son ta hana sai ta nemi hukuncin babban lauyan jiha cikin kwanakin aiki 10, kuma ainihin bayanin kamu ba ya cikin abin da ake hanawa. Florida ta yi suna wajen buɗe takardunta. Wasu jihohi kuma, irin su Virginia da Tennessee, 'yan jiharsu kaɗai doka ta ba wannan dama, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince da hakan a shari'ar McBurney da Young a 2013. A irin waɗannan wurare wanda ke Kano ko Maraɗi sai ya nemi wani mazaunin jihar ya rubuta a madadinsa.

Takardar ba ta buƙatar lauya, ba ta kuma buƙatar doguwar gaisuwa. A aika wa sashen ajiyar bayanai na ofishin sherif, a faɗi cikakken suna da ranar haihuwa da kusan ranar kamu, a ce ana neman takardar shigarwa da ta saki, wadda ke nuna rana da sa'a da dalilin fita da hukumar da aka miƙa wa mutum idan an miƙa shi. A mafi yawan jihohi ba dole ba ne a faɗi dalilin nema. Wanda ya ce a ba shi komai da komai game da wane, shi ne ke daɗewa yana jira. Za a iya cajin kuɗin kwafi. Abin da ba za a bayar ba shi ne bayanin lafiyar mutum, da takardun yara, da sunayen waɗanda aka zalunta a wasu laifuka, da abin da ya shafi binciken da ba a kammala ba.

Amma ko an samu wannan takarda, rabin labari aka samu. Gidan waƙafi ya san ranar shiga da ranar fita da tuhumar da ɗan sanda ya rubuta a daren kamu. Bai san yadda aka ƙare ba. Tuhumar dare sau da yawa ba ita ce ke isa gaban alƙali ba, domin mai gabatar da ƙara yana iya rage ta, ko ya sauya ta, ko ya yar da ita. Ƙarshen magana yana ofishin akawun kotu na wannan gunduma, inda kowace shari'a ke da lamba da jerin duk abin da ya gudana a cikinta, zama bayan zama. Kotuna da yawa sun sa wannan a intanet, wasu kuma sai an je an zauna gaban kwamfutar da ke harabar kotun. Shari'o'in tarayya suna wani kundi mai suna PACER, inda ake biyan santi 10 a kowane shafi. Wanda ya tsaya a rajistar sherif bai je ga akawun kotu ba, ya ji ƙara ne bai ji hukunci ba.

Misalin da ba ya fita a raina shi ne na Kalief Browder, yaro ɗan Bronx da aka kama a 2010 yana da shekara 16 a kan zargin satar jakar goyo. An sa belinsa dala 3,000, gidansu ba su da ita. Ya yi shekara uku a Rikers, mafi yawanta a ɗakin kaɗaici, ba a taɓa yi masa shari'a ba, har aka janye tuhumar a 2013. Shekara biyu bayan fitowarsa ya kashe kansa. Wanda ya ga takardar gidan waƙafi kawai zai ce wannan ya yi shekara uku a ɗaure, lallai babban mai laifi ne. Takardar kotu kuwa cewa za ta yi ba a same shi da komai ba.

Wani lokaci kuma za a je kotun a tarar babu komai, kuma wannan rashin yana iya zama albishir. A New York, idan shari'a ta ƙare da nasarar wanda ake tuhuma, doka ta ce a rufe takardun, akawu ba zai nuna wa baƙo ba. Jihohi da dama sun ƙara da dokar goge tsofaffin hukunce-hukunce ba tare da mutum ya nema ba. Pennsylvania ce ta fara a 2018. Ta New York ta fara aiki a Nuwamba 2024, inda ƙananan laifuka ke rufuwa bayan shekara uku, manya da yawa kuma bayan takwas, idan mutum bai sake yin wani ba. Hikimar a fili take: wanda ya biya bashinsa a bar shi ya nemi aiki da gidan haya.

Sai dai abin da gwamnati ta rufe, 'yan kasuwa sun riga sun kwafe. Akwai shafuka da ke kwashe sunaye da hotunan kamu daga shafukan sherif kowace rana, su ajiye har abada, ba sa komawa su gyara idan an wanke mutum. Wasunsu sun mai da abin sana'ar karɓar kuɗi kafin su cire hoto, har hukumomin California suka gurfanar da masu shafin Mugshots.com a 2018. Su ne kuma ke fara fitowa idan ka rubuta sunan mutum a Google, suna neman ka biya su ba ka abin da ofishin sherif zai ba ka kyauta ko da ɗan kuɗin kwafi, kuma nasu sau da yawa tsoho ne ko na wani mai irin sunan. Tun 1989 Kotun Ƙoli ta gane wannan haɗari, lokacin da 'yan jarida suka nemi FBI ta ba su cikakken tarihin laifukan wani mutum. Kotun ta ƙi, ta ce akwai bambanci tsakanin bayanan da ke warwatse a kotuna da ofisoshin 'yan sanda, wanda sai an sha wahala a tattara, da kundi guda da aka haɗa a kan mutum ɗaya. Shi ya sa har yau ba za ka iya neman kundin FBI na wani ba, naka kaɗai za ka iya nema. Mai ɗaukar ma'aikata ko mai gidan haya kuma da ke son bincike ta hannun kamfani, akwai dokar tarayya ta 1970 da ta ɗaure shi, wadda a mafi yawan lokuta ta hana kamfanin kawo kamun da ya wuce shekara bakwai idan bai kai ga hukunci ba.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Na yarda uwa ta nemi ɗanta, na yarda wadda aka zalunta ta san ranar fitowar wanda ya zalunce ta, na kuma yarda uban yarinya ya yi bincike a kan mai neman aurenta daga ƙasar waje, domin binciken aure hakki ne a al'adarmu da addininmu. Amma mai binciken ya kai shi ƙarshe. Hoton kamu da aka ɗauko daga intanet aka jefa a zauren WhatsApp na 'yan gari ya isa ya rushe aure da mutuncin gida guda, alhali wataƙila lasisin tuƙi ne ya ƙare, ko kuwa an janye ƙarar tun da daɗewa, ko ma ba shi ba ne. Kotu tana iya rufe takardarta, amma babu akawun da zai bi wayoyin mutane ya goge abin da aka tura.

Abubuwa biyu kuma da dangi na gida ya kamata su riƙe. Na farko, ofishin jakadanci. Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta ba baƙon da aka kama damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Najeriya da Ghana suna cikin ƙasashen da ya wajaba hukumomin Amurka su sanar da su ko da wanda aka kama bai nema ba. Ɗan Nijar kuwa sai ya buɗe baki ya nema. Najeriya tana da ofishi a Washington, da ƙananan ofisoshi a New York da Atlanta. Ba kowane ɗan sanda ne ke tuna wannan wajibi ba, kuma jakada ba ya fitar da mutum daga waƙafi, amma ƙofa ce ta tambaya. Na biyu, 'yan damfara. Su ma suna karanta jerin sunayen nan, su kira dangi da sunan sherif ko lauya su ce a turo kuɗin beli yanzu-yanzu ta katin kyauta na kanti ko kuɗin intanet. A kashe wayar, a nemo lambar gidan waƙafin daga shafin gundumar, a kira da kai.

Shi kuma wanda ya fito, kafin ya ce ya bar maganar a bayansa, ya koma ofishin akawun kotu ya karɓi takardar da ke nuna yadda shari'arsa ta ƙare, mai hatimin kotu, kwafi biyu ko uku. Ranar da zai nemi takardar zama ta dindindin ko zama ɗan ƙasa, fom ɗin zai tambaye shi ko an taɓa kama shi, kuma hukumar da ke karɓar fom ɗin tana son amsar gaskiya da takardar kotu ko da an janye ƙarar, ko da jiha ta rufe ta ko ta goge ta, domin mai yiwuwa zanen yatsunsa yana nan a kundin FBI tun daren da aka shigar da shi. Karɓar wannan takarda a makon da aka gama shari'a aikin rabin yini ne. Bayan an rufe fayil, ko mutum ya koma wata jiha, sai ya dawo da shaidar cewa shi ne mai shari'ar, wani lokaci ma sai da izinin alƙali kafin a buɗe masa.